Kason dabbobi a hayaƙin ƙasa: lissafin da ke hawa da sauka ba da sanin saniya ba

A Amurka akwai shanu kusan miliyan 90, amma abin da ke fitowa kai tsaye daga cikin dabbobinsu da kashinsu bai wuce wajen kashi 4 cikin 100 na iskar da ƙasar ke saki mai ɗumama duniya ba. A Nijar shanunmu ba su kai rubu'in nasu ba, duk da haka takardun da gwamnati ta miƙa wa Majalisar Ɗinkin Duniya suna ɗora sama da kashi 80 cikin 100 na hayaƙin ƙasar a kan noma, kiwo da daji, kuma a ɓangaren noma da kiwon, tumbin dabba ne ke ɗauke da kaso mafi girma. Wanda ya ji lambobin nan biyu a rediyo zai iya zaton saniyar Damargu, yankin kiwo na arewacin Damagaram, ta fi ta Amurka ɓarna nesa ba kusa ba. Alhali saniyar tatsa ta can tana fitar da sama da kilo 100 na iskar a shekara, ninki biyu zuwa uku na abin da ake lissafa wa tamu.

Zancen ya shafe mu a Damagaram fiye da kowace jaha. Ƙidayar noma da dabbobi da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ta samu dabbobi wajen miliyan 31 a Nijar, kuma kusan ɗaya cikin kowane huɗu a nan yake. Duk ranar da wani ya zauna a ofis a Yamai ko a Turai ya ce a rage kason dabbobi, garken Tanut da Gure da Tasker da Belbeji yake nufi, ko ya sani ko bai sani ba. Saboda haka ya kamata mu san yadda ake haɗa wannan lamba, da abin da ke ɗaga ta ko ya sauke ta daga shekara zuwa shekara. Idan aka bi diddigi, sau da yawa motsinta ba shi da alaƙa da abin da dabbar ta yi.

Saniya, tunkiya, akuya da raƙumi suna cin abin da cikin ɗan Adam ba ya iya narkarwa: karan hatsi, harawa, ƙarangiya, ganyen itace. Wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, cike da tumbi, suke ruɓar musu da ciyawar, kuma cikin wannan aiki ne iskar da masana ke kira metan take tashi. Kusan dukkanta ta baki take fita, da gyatsa. Masu raha da ke cewa tusar shanu ce ke ɗumama duniya sun kuskure ƙofa. Kashi da fitsari ma suna ba da nasu, ɗan metan kaɗan da wata iska da ake rubutawa N2O. A wurinmu metan ɗin kashi ba shi da yawa, don kashin da ya faɗi a fili cikin zafin bazara kafin la'asar ya bushe. Inda yake tashi da yawa shi ne inda ake tara kashi cikin ruwa a manyan ramuka, kamar a gidajen madara na Turai da Amurka. Abu ɗaya da ya kamata makiyayi ya riƙe: wannan iska abinci ce da ta salwanta. Wajen kashi 6 zuwa 7 cikin 100 na ƙarfin abin da saniya ta ci a gyatsa yake tafiya, bai zama nono ba, bai zama nama ba.

Shi kuwa kaso rabo ne kawai: abin da dabbobi suka fitar, a kan jimillar abin da ƙasa ta fitar. Gidan da murhu ɗaya kaɗai ake hurawa, hayaƙinsa ɗungurungum na murhun nan ne, kashi 100 cikin 100, ko da kunu kawai ake damawa. Maƙwabcin da ke da murhu uku da injin niƙa da janareto, kason murhunsa ɗan mitsitsi zai fito. Nijar ita ce gidan farko. Mutum ɗaya ne kawai cikin biyar ke da wutar lantarki. Abin da ɗan Nijar ke fitarwa na iskar karbon daga man fetur, gas da kwal bai wuce wajen kilo 100 a shekara ba, na ɗan Amurka kuwa ya kai tan 14. Kafin juyin mulkin Yulin 2023 ma, wajen kashi 70 cikin 100 na wutar da ake sha a ƙasar daga Najeriya take zuwa, har da layin da ya taso daga Katsina ta Gazawa yana ba Maraɗi da Damagaram, kuma duk hayaƙin da samar da ita ya jawo a littafin Najeriya ake rubuta shi. Girman kason dabbobinmu shaida ce ta ƙarancin masana'antu da lantarki. Ƙasar gaba ɗayanta ba ta kai kashi 0.1 cikin 100 na hayaƙin duniya ba.

Sai an bi lambar cikin shekaru ake ganin yadda take yaudara. A Birtaniya, a 1990, noma da kiwo sun kai wajen kashi 7 cikin 100 na hayaƙin ƙasar. Zuwa 2022 sun kai wajen kashi 12. Wanda ya tsaya a nan zai ce manoman Ingila sun ƙara ɓarna. A zahiri hayaƙinsu raguwa ya yi, shanu da tumakinsu ma sun ragu. Abin da ya faru shi ne ƙasar ta yi ta rufe tashoshin lantarki masu ƙona kwal, har ta rufe ta ƙarshe a Satumban 2024, jimillar hayaƙinta ta sauka da kusan rabi. Da jimilla ta ƙanƙance sai kason kiwo ya kumbura.

Na Burazil ya fi ban mamaki. A 2004 an sare sama da murabba'in kilomita 27,000 na dajin Amazon cikin shekara guda. Zuwa 2012 an matsa wa masu sara har abin ya sauko ƙasa da 5,000. Alƙaluman gwamnatin ƙasar sun nuna kason noma da kiwo ya tashi daga wajen kashi 20 cikin 100 a 2005 zuwa wajen kashi 37 a 2012, ba tare da garken ya ƙaru a zo a gani ba. Ga kuma wata murɗiya a ciki: yawancin dajin da ake sarewa domin a mayar da shi makiyayar shanu ake sare shi. Wato a shekarun da kason kiwo ya fi ƙanƙanta a takarda, a lokacin ne shanu suka fi jawo ɓarna, sai dai an rubuta ta a wani shafi mai suna sare daji. Niyuzilan kuma tumakinta sun faɗo daga miliyan 70 a 1982 zuwa ƙasa da miliyan 25, amma har yanzu noma da kiwo ne wajen rabin hayaƙinta, saboda shanun tatsa sun maye gurbin tumakin, lantarkinta kuma galibi daga ruwa da iska da zafin ƙarƙashin ƙasa yake.

Mu kuma hanyar da muka ɗauka kishiyar ta Birtaniya ce. Tun Nuwamban 2011 matatar mai ta SORAZ da ke arewa da birnin nan, a kan hanyar Tanut, mai ƙarfin tace ganga 20,000 a rana, take tace man rijiyoyin Agadem. Esansi da gazuwal na gida sun samu, babura da motoci sun cika gari, janareto ya zama kayan kowane shago. A Yamai an kunna tashar Goru Banda mai shan mai a 2017. A 2024 ɗanyen mai ya fara bin bututun da ya kusan kilomita 2,000 zuwa gaɓar teku a Jamhuriyar Benin. Ga kwal ɗin Anu Araren da ake ƙonawa tun shekarun 1980, ga na Salkadamna da ake ta maganar haƙowa. Duk wannan yana ƙara jimilla. Idan aka ci gaba a haka, wata rana za a fito da zane a wani taron bita a nuna kason dabbobi yana sauka, a yi tafi, alhali ba saniya ɗaya da ta rage gyatsa, hayaƙin ƙasar kuma ƙaruwa ya yi.

Akwai wata ƙa'ida a lissafin da ta cancanci a tsaya a kanta. Kowace ƙasa abin da ya tashi cikin iyakarta take rubutawa. Ɗanyen man Agadem da aka loda a jirgin ruwa, hayaƙin ƙona shi yana kan wanda ya saya ya ƙona. Mu namu na haƙowa da turawa ne kawai. Amma bijimin da ya shekara huɗu ko biyar yana kiwo a Damargu, aka sayar da shi a Bakin Birji ko Gidigir, ya bi ta Maigatari ko Mai'aduwa aka yanka shi a Kano ko Legas, gyatsar rayuwarsa duka tana kanmu, wanda ya ci naman ba a rubuta masa komai ba. Mai sai an ƙona shi yake hayaƙi, dabba kuwa tana raye take yi. Ƙa'idar ba don cutar da kowa aka kafa ta ba, amma sakamakonta shi ne ƙasar da ke fitar da dabbobi kullum lambarta ta fi nauyi, ƙasar da ke fitar da mai kuma tata ta fi sauƙi. Garken da ke tsallakawa Najeriya ko Cadi da rani ma, lissafin bai cika bin sawunsa ba.

Wannan duk zancen jimilla ne. Shi ma ɓangaren dabbobin ba a kan ma'auni ɗaya yake tsaye ba. Ba wanda ke bin shanu da na'ura yana auna gyatsarsu ɗaya bayan ɗaya. Lambobi uku ake ninkawa: yawan dabbobi, kilo nawa na metan ake ɗauka kowace tana fitarwa a shekara, da kuma nauyin da ake ba metan idan aka kwatanta shi da karbon. Dukkan ukun sun sha sauyawa.

Ɗauki na ƙarshen. Kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, IPCC, ya ce a 1995 kilo ɗaya na metan daidai yake da kilo 21 na karbon idan aka auna a kan shekara 100. A 2007 ya ce 25, a 2013 ya ce 28, a 2021 ya ce wajen 27 ga metan ɗin da ke fitowa daga dabbobi. Idan kuma a kan shekara 20 aka auna, lambar takan kai wajen 80. Na biyun ma haka: jagorar IPCC ta 2006 ta ba saniyar Afirka wadda ba ta tatsa ba kilo 31 a shekara, gyaran da aka yi a 2019 ya ɗaga ta zuwa kilo 52. A ninka 31 da 21, an samu kilo 650 da ɗoriya. A ninka 52 da 28, an kusa kilo 1,500. Saniya ɗaya, makiyaya ɗaya, ciyawa ɗaya, laifinta ya ninka fiye da sau biyu a kan tebur. Duk wanda ya ɗauko lambar wani rahoto na 2000 ya jera ta da ta wani rahoto na 2020 ya ce ga yadda abin ya ƙaru, sai a fara tambayarsa ko da mudu ɗaya aka auna.

Ko takardun Nijar kansu suna nuna haka. Wadda aka gabatar a 2015 gabanin yarjejeniyar Paris ta dogara da lissafin shekarar 2000, inda daji da sauyin amfani da ƙasa suka ɗauki fiye da rabi, noma da kiwo wajen kashi 35, makamashi bai kai kashi 9 ba. Wasu rumbunan alƙaluma na duniya kuma, masu lissafa daji ta wata hanyar, noma da kiwo suke ba fiye da rabi. Bambancin yana ga yadda aka ƙiyasta itacen da aka sare da wanda ya tsiro. Itacen girki ma, wanda shi ne makamashin kusan kowane gida, karbon ɗinsa ba a shafin makamashi ake tara shi ba, a shafin daji yake shiga. Da an matsar da shi, da fasalin rabon ya sauya.

Sai yawan dabbobin, inda na fi ganin rauni. Ƙidayar 2005 zuwa 2007 ta ba da shanu miliyan 7.3, tumaki miliyan 9.2, awaki miliyan 11.2, raƙuma da jakuna kowanne wajen miliyan ɗaya da rabi. Da ma'aunin 2006, tunkiya da akuya kilo 5 kowace, raƙumi 46, jaki 10, kowa zai iya yin lissafin da kansa: ya haura tan 400,000 na metan a shekara, fiye da rabinsa na shanu ne duk da ba su kai rubu'in kawunan ba, raƙuma kuma duk da ƙarancinsu sun fi awaki baki ɗaya. Alƙaluman shekarun da suka biyo baya a kan wannan ƙidaya aka gina su, ana ƙara wani adadi duk shekara, ga shanu kashi 6 cikin 100. Ta haka shanun takarda suka haura miliyan 16 zuwa 2020. Kashi 6 a shekara yana nufin garke ya ninka duk shekara goma sha biyu. A tambayi Bafulatanin da ke tsakanin Tanut da Adarbisanat, ko Batuben Tasker, ko garkensa ya ninka haka, bayan bazarar 2010 da ta kwantar da dabbobi a bakin rijiyoyi, bayan shekarun da aka yi ta sanar da giɓin ciyawa. Dabbobi sun ƙaru, wannan ba musu, musamman a hannun manoman kudu da ƴan kasuwa da ma'aikatan birni masu zuba kuɗinsu a garke. Amma yawan ƙaruwar ƙiyasi ne. Ga shi kuma tun zamanin jangali makiyayi ba ya son baƙo ya ƙirga masa shanu, kuma yana da dalili.

Sau biyu a tarihin kusa hayaƙin dabbobin ƙasar nan ya faɗi warwas da gaske: farin 1973 zuwa 1974, da na 1984, yunwar da mutanen gabas suka sa wa suna El-Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya da gwamnatin Janar Buhari ta yi. Makiyaya da yawa sun rasa fiye da rabin garkensu, wasu sun dawo gari da sanda kawai. A lokacin ba a fara irin wannan lissafi ba, don daga 1990 ake somawa. Da ana yi, da waɗannan shekaru ne za su fito mafi kyau a zane. Ma'aunin da zai nuna shekarar El-Buhari a matsayin nasara bai isa a ɗora manufar ƙasa a kansa shi kaɗai ba.

A matakin duniya ma lambar ba ta zauna wuri ɗaya ba. Hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ce kashi 18 a 2006, kashi 14.5 a 2013, kashi 12 a 2023, a daidai lokacin da dabbobin duniya ke ƙaruwa. Hanyar lissafi ce ta sauya, hayaƙin kwal da mai kuma ya ƙaru. Rahoton 2006 shi ne ya haifar da maganar nan da ta zagaye duniya cewa dabbobi sun fi motoci da jirage ɓarna. Daga baya Frank Mitloehner na jami'ar Kalifoniya ya nuna an lissafa wa dabbobi komai tun daga takin zamani da sare daji har jigilar nama, su kuwa motoci hayaƙin salansa kawai aka ƙirga musu, kuma ɗaya daga cikin marubutan rahoton ya amince da gyaran. Lura kuma cewa a rahoton 2013, kashi 45 cikin 100 na hayaƙin kiwo na duniya daga noma abincin dabbobi da sarrafa shi yake. Garken da ke bin ciyawar Allah a arewacin layin da dokar 1961 ta shata wa noma kusan ba ruwansa da wannan ɓangare.

Kada dai a ɗauka ina cewa mu wanke hannu. Metan na gaske ne, ɗumamar kuma mu ke fara shan ta. Akwai ma wata muhawara tsakanin masana da idan ba mu yi hankali ba za ta juya kanmu. Metan ba ya daɗewa a sama, wajen shekara 12 ne ya rushe, karbon kuwa ƙarni bayan ƙarni yana nan. Saboda haka wasu masana, a gaba-gabansu Myles Allen na jami'ar Oksfod, suka kawo wani ma'auni da ke cewa garken da yawansa bai sauya ba, ɗumamar da yake ƙarawa kaɗan ce, don abin da yake fitarwa yau yana maye gurbin wanda ya rushe ne; garken da ke ƙaruwa shi ke ƙara zafi sosai. A kimiyyance maganar tana da ƙarfi, kuma manoman Niyuzilan da Ailan sun rungume ta hannu biyu. Amma a duba wanda take wankewa. Ƙasar da ta riga ta tara garkenta shekaru da dama da suka wuce za ta fito fes, ƙasar da jama'arta ke ƙaruwa da sama da kashi 3 cikin 100 a shekara, dabbobinta na biye, ita za ta fito da baƙin jini. Wakilanmu a tarukan yanayi, da ma'aikatan CNEDD, hukumar muhalli ta ƙasa da ke haɗa wannan lissafi, ya kamata su san wace riga ake ɗinka mana kafin su yaba ɗinkin.

Akwai kuma abin da shafin dabbobi ba ya nunawa, wato abin da ƙasar kiwo ke haɗiyewa. Masu bincike na CIRAD, cibiyar binciken noma ta Faransa, ciki har da Mohamed Habibou Assouma, sun bi wani yankin kiwo a Ferlo ta Sanagal tsawon shekara, kewayen rijiyar burtsatse ta Widu, suna auna abin da ke fita da abin da ke shiga. Sun samu cewa karbon ɗin da itatuwa da ƙasa ke ajiyewa ya kai ya rufe abin da dabbobi da sauran abubuwa ke fitarwa a yankin. Ferlo ba Damargu ba ce, kuma ba kowace makiyaya ce za ta ba da wannan sakamako ba, balle wadda garmani ya cinye ko rairayi ya binne. Amma mu ma muna da abin nunawa. Sassaben zamani da manoman Magarya, Matamai da Mirya suka riƙa, tare da na Maraɗi, ya dawo da itatuwa wajen miliyan 200 a fili mai faɗin kadada miliyan 5 tun daga tsakiyar shekarun 1980. Gawo shi ne sarkinsu, kuma gawo da dabba ba sa rabuwa: ƴaƴansa ne abincin rani, cikin dabba ke tausasa ƙwayar irinsa, kashinta ke shuka shi a gona. A littafin lissafi gawon yana shafin daji ana yaba shi, akuyar da ta shuka shi tana shafin kiwo ana zarginta. Ciyawar da dabba ba ta ci ba ma ba a banza take zama ba: gara ta ci ta fitar da nata metan, ko wutar daji ta lashe ta.

Lambar da nake ganin ta fi amfani gare mu ita ce hayaƙin da ke kan kowace lita ta nono da kowane kilo na nama, kuma a nan ba mu da abin alfahari. FAO ta ƙiyasta a 2010 cewa kilo ɗaya na madara a Afirka kudu da Sahara yana ɗauke da wajen kilo 7.5 na hayaƙi, matsakaicin duniya 2.4, ƙasashe masu masana'antu tsakanin 1 da 2. Lissafin bai yi wa saniyarmu cikakken adalci ba, tunda ita ce taki, ita ce banki, ita ce sadaki, ɗanta ke jan amalanke da garma. Amma gaskiyar da ke ciki kowane makiyayi ya san ta. Saniyarmu tana yin ƙiba da damina da kaka, ta zubar da ita da bazara, ta sake tarawa, ta sake zubarwa. Sai ta shekara huɗu ko fiye kafin haihuwar fari, tsakanin haihuwa da haihuwa a kusa shekara biyu, maruƙa da yawa ba sa kai yaye. Duk waɗannan watanni tana ci tana gyatsa ba ta ba da komai ba. Dabbar da ta mutu a watan Yuni, sati biyu kafin ruwa ya sauka, hayaƙin shekarunta duka ya tafi a banza, dukiyar mai ita ma haka.

Shi ya sa abin da zai rage hayaƙin kowace lita shi ne dai abin da makiyayi ke roƙo tun da daɗewa. Dusa da ƙulin anguriya su iso Tanut da Gure a Maris a farashin da za a iya saya, ba a Yuli ba bayan an gama jan gawa. Allurar ciwon huhu da ta annobar awaki da tumaki ta kai ga garken da ke nesa da kwalta. A yanka ciyawa a adana da kaka, a share hanyoyin tare wutar daji. A bar burtali da mashaya a buɗe, domin garken da ke tafiya yana bin ɗanyar ciyawa ya fi wanda aka tsare lafiya da nono, dokar kiwo ta 2010 kuwa ta amince cewa yawon kiwo haƙƙi ne. A samu kasuwar da za ta sa mutum ya sayar da bijimi yana da nama maimakon ya riƙe shi har ya rame. FAO da kanta ta ce a 2013 za a iya rage kusan kashi 30 cikin 100 na hayaƙin kiwo idan kowa ya yi irin abin da gwanayen yankinsa ke yi, ba tare da an sauya irin kiwon ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Magungunan da ake tallatawa a waje ba namu ba ne tukuna. Bovaer, hodar da Tarayyar Turai ta amince da ita a 2022, tana rage metan ɗin saniyar tatsa da wajen kashi 30, amma sai an zuba ta cikin abinci kullum. Mai kiwon turke a unguwar Zango ko Birni cikin Damagaram zai iya, idan kuɗin ya biya, mai raƙuma a Termit ba zai iya ba. Harajin da Danmak ta amince za ta fara karɓa kan hayaƙin dabbobi daga 2030 na ƙasa ne da kowace saniya ke da lamba a kunne da rajista a kwamfuta. Niyuzilan ma da ta shirya irin nasa, ta janye a 2024.

Sai dai a sani, idan aka yi duk gyaran da na lissafa, jimillar metan ɗin ƙasar ba lalle ta ragu ba. Dabbar da ta ƙoshi ta fi cin abinci, ta fi gyatsa, ƴaƴanta sun fi rayuwa, garke ya fi saurin girma, sai fa idan sayarwa ta ƙaru daidai da haihuwa. Hayaƙin kowace lita zai sauka, na ƙasa baki ɗaya yana iya hawa, kason dabbobi kuma ya bi duk inda mai da kwal suka ja shi. Lambobi uku ne daban, kuma duk mai aikin raya karkara da ya zo da kuɗin yanayi yana neman makiyayan Damagaram su sa hannu, a tambaye shi wacce daga cikin ukun ya yi wa masu ba shi kuɗi alƙawarin ragewa. Idan ta farko ce, bukatarsa da ta makiyayi sun zo ɗaya. Idan ta biyu ce, ƙarshen maganarsa rage kawuna ne, kuma gara ya faɗa tun a zaman farko.